Wai kwamfuta za ta iya hango sanƙarau tun kafin ya iso?

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wajen ma'aikatan lafiya da ke cikin gidan nan. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a fannin kwamfuta nan Sakkwato, kuma lokacin zaɓen abin da zan yi bincike a kai ya yi. Kwanan nan na yi ta karanta yadda ƙasar Singafo ke yi da zazzaɓin dengi, wanda sauro ke yaɗawa. Ƙaramar ƙasa ce, mutanenta kusan miliyan 6, amma hukumar muhallinsu tana da manhajar da ake ɗura wa adadin waɗanda suka kamu a makonnin baya, da zafi, da danshin iska, da bayanin sauro, ita kuma ta fitar da hasashen mutum nawa za su kamu har mako 12 nan gaba. Ba wani ne ya rubuta mata doka cewa in kaza ya faru kaza zai biyo ba, ita ce ke koya daga lissafin shekarun baya. Shi ne na ce to mu fa? Sanƙarau duk shekara mun san da zafi yake zuwa, kwalara da damina. Ina ganin in na samu bayanan shekara 10 na ƙananan hukumomi 23 na jihar nan zan iya haɗa irin wannan. Masu aikin a ƙasa, zai yi amfani ko ɓata lokaci ne?

Bazamfare:
Wslm. Allah ya taimaka. Amma a ina za ka samo bayanan shekara 10 ɗin? Daga nan za ka fara sanin ko kana da furojet ko ba ka da shi.

Sista_Arkilla:
Ƙanena sannu da ƙoƙari, tunanin yana da kyau wlh. Bari in ba ka labarin inda lambobin da kake nema suke fitowa don ka san abin da za ka ci. Na yi shekaru a wani ƙaramin asibitin karkara kafin a dawo da ni cikin gari. Rijista ce babba mai layi-layi, duk wanda ya zo ka rubuta suna, shekaru, ƙauye, abin da ke damunsa. Ƙarshen mako ka zauna ka ƙirga ka cika fom ɗin mako ka aika wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi kuma ya tura sama. To ranar da ni kaɗai ce a bakin aiki, ga mai haihuwa ga yaro na jijjiga ga layin awo, kana ganin rijista ce a gabana? Sai bayan isha'i in zauna da fitilar waya in rubuta wanda na tuna. Wani makon fom ɗin bai tafi ba sam saboda ba mai zuwa hedikwata. In ka buɗe kwamfuta ka ga wurinmu babu komai a makon nan, ba wai ba a yi ciwo ba ne, ba a aika ba ne. Sifili daban, wurin da aka bari fayau daban, amma da yawa in sun zo haɗa lissafi sai su cike gurbin da sifili.

Ɗan_Mabera:
Anti na gode ƙwarai. Wannan batun sifili da fayau ɗin ban ma kawo shi a raina ba.

Tsohon_Dubagari:
Ɗana, ni dai tambaya guda gare ni. Mi na'urar za ta hwaɗa muna wanda ba mu sani ba? Ni da na yi aikin duba-gari shekara da shekaru, ba sai an kunna min komi ba. Da hunturu ya ja baya, iskan ƙura ya busar da hanci, zahi ya taso wajen Maris da Afrilu, mutane goma na kwana ɗaki guda ba taga, to ka fara sauraren labarin wuya ya sanƙare. Ruwan farko na sauka sai abin ya lafa. Wanga ko tsohuwa a ƙauye ta san shi. Mu mun ga 1996 da idonmu, shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000, ba kwamfuta anka rasa ba lokacin, allura anka rasa.

MalamLissafi:
Baba Allah ya ƙara lafiya, maganarka ita ce ma'aunin aikin gaba ɗaya, ko da wasa ka faɗe ta. Duk wanda ya haɗa manhajar hasashe, abu na farko da ya kamata a tambaye shi shi ne: ta fi hasashen Baba? Wato a ɗauki lissafi mafi sauƙi, a ce makon nan zai yi kama da irin makon nan na shekarun baya, sai a gwada su biyun. Manhajoji da yawa masu dogon suna in aka yi musu wannan gwajin kunya suke sha. Amma akwai abin da Baba bai faɗa ba. Kowa ya san watan, abin da ba a sani ba shi ne wace shekara ce za ta yi muni kuma a wace ƙaramar hukuma zai fara. Zafi da ƙura duk shekara ana yi, amma ba duk shekara ake annoba ba. Nan ne wurin aikin.

Tsohon_Dubagari:
Awo, nan kam ka yi gaskiya Malam. Shekarar da za ta ɓaci ba mu sanin ta sai ta ɓaci.

Uwar_Biyu:
Ni tsoro ma abin ya ba ni. Wannan ba shiga gaibu ba ne? A ce na'ura ta san mutum nawa za su kwanta ciwo wata uku nan gaba, meye bambancinsa da duba?

Alaramma_Kofar_Rini:
Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba hanyarsu ɗaya ba. Boka cewa yake ya san abin ɓoye. Wannan kuwa kirdado ne bisa abin da aka saba gani, kamar manomi ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya, zai iya yin ruwan zai iya watsewa. Sayyidina Umar da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke can, juyawa ya yi da jama'arsa, da aka ce masa gudun ƙaddara kake, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma hadisi ya zo cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta same ku a ciki kada ku fita. Riƙo da sababi ne. Sharaɗin dai kada mai lissafin ya ce tabbas.

Uwar_Biyu:
Allah ya gafarta Malam, na gamsu. Allah ya tsare mu da zuri'a.

Likitan_Yara:
Amin. Ɗan_Mabera, zan ɗora kan maganar Baba ta allura don ka gane me ya sa mako biyu ko uku na gargaɗi ke da tsada a wurinmu. A yanzu ma akwai ma'auni, ba a zaune ake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cewa a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka samu waɗanda ake zargi sun kai 3 cikin kowane 100,000 a mako guda to a farka, in sun kai 10 to annoba ce. Matsalar ita ce daga nan ne ake fara gudu: a ɗebo ruwan ƙashin baya, a kai ɗakin gwaji a tabbatar wane nau'in ƙwayar ne, sannan a rubuta neman rigakafi daga rumbun duniya da aka kafa a 1997 bayan waccan annobar da Baba ya ambata, a jira ya iso, a rarraba. Kafin allura ta shiga hannun yaro makonni sun wuce, wani lokacin har ruwa ya kusa sauka. Kuma ɗibar ruwan bayan nan ba wasa ba ne, iyaye da yawa ba su yarda, cewa suke shi ke gurgunta yaro. In an ɗiba kuma bai kamata a sa shi a firji kamar sauran samfur ba, don sanyi na kashe ƙwayar, in an sa sai ya isa ɗakin gwaji a nemi rayar da ƙwayar a ga ba komai. Saboda haka mafi yawan lambobin da za ka samu na waɗanda ake zargi ne, cikinsu akwai maleriyar da ta taɓa kai.

Sannan ka kula da wani abu. Kafin 2010 nau'in A ne ke yi mana ɓarna. Aka kawo rigakafin MenAfriVac, aka fara da Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, Najeriya daga 2011, nau'in A ya kusa ɓacewa. Sai ga 2017, nau'in C ya taso daga Zamfara ya shigo mana nan da Katsina da Kebbi, sama da mutum 14,000, fiye da 1,100 suka rasu. Na'urar da ta koyi darasinta da lissafin zamanin A me za ta ce game da C? A 2024 kuma Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai haɗa nau'i 5, A, C, W, Y da X. Ka ga lissafin ya sake canzawa. Cutar da kake son na'ura ta koya ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Bazamfare:
2017 kam ba a tuna ta. A unguwarmu gida uku a jere aka yi zaman makoki cikin sati ɗaya. Allah ya jiƙansu.

Hajiyar_Runjin_Sambo:
Amin ya Allah. Ni abin da ban gane ba, wai da Hausa me ake ce wa abin nan? Yarona kullum yana cewa ƙirƙirarriyar basira, shi ne wannan ɗin?

MalamLissafi:
Hajiya reshe ne daga cikinta. Ni ina ce masa koyon na'ura. Kamar almajirin ɗinki ne da ba a karanta masa ƙa'ida, sai dai ya ga riga dubu ana yankawa har hannunsa ya faɗa.

Ɗan_Illela:
Ku dakata, ni wagga magana ta Singafo ita ta ban gane ba. Ƙasar da duka-duka ba ta kai murabba'in kilomita 750 ba, ruwa ya zagaye ta, duk mai shiga sai an tantance shi. Jihar Sakkwato ta ninka ta fiye da sau 30. Ku zo Illela ranar Lahadi ku ga kasuwa, mutanen Ƙonni da na Tawa sun cika gari, da yamma kowa ya koma. Mace ta kawo ɗanta asibiti nan, gidanta na Nijar. Namu kuma wasu can suka zuwa don magani ya fi sauƙi. To lissahin wa za a sa su? Cuta ba ta san iyaka ba, takardarku ce ta san ta.

Ɗan_Mabera:
Gaskiya ne Yaya. Ni da na ce ƙaramar ƙasa sai na ɗauka in sun iya da mutum miliyan 6 mu ma jiha ɗaya za mu iya, tunda yawanmu ya yi kusa.

Injiniya_Gawon_Nama:
Ai ƙanƙantar ba ita ce sirrin ba. A Singafo doka ce likita ya kai rahoton duk mai dengi da ya gani, kuma mutum na zuwa asibiti in ba shi da lafiya, ga ma'aikata na shiga gida-gida duba inda ruwa ya kwanta, in an samu tsutsar sauro a gidanka tara za ka biya. Manhajar tana zaune ne kan wannan ginin. Kuma duk da haka a 2020 sun samu mutum sama da 35,000, mafi yawa a tarihinsu. Hasashe bai hana sauro cizo ba.

Tsohon_Dubagari:
To ashe duba-gari na suka yi! Mu ma haka munka yi, mu shiga gida mu leƙa randa da tocila, mu duba masai da kwata, mai gida na rawar jiki. Yanzu wa ka shiga gidan wani ya buɗe mai randa? Sun riƙe abin da munka yar, sun ƙara mai kwamfuta bisa.

Zarah_Kwalejin_Lafiya:
Baba ka sa ni dariya wlh. Amma batun randa ya tuna min da Babados, wani ɗan tsibiri a yankin Karebiyan da mutanensa ba su kai 300,000 ba. Masu bincike da suka haɗa lissafin yanayi da na dengi a can sun ga abin mamaki: haɗarin annoba ya fi yawa in an yi fari, sannan bayan 'yan watanni ruwa ya sauka da yawa. Dalili shi ne lokacin fari mutane na tara ruwa a durom da tankuna a gida, sauron kuma nan yake ƙyanƙyasa. Da hankali kawai za ka ce fari na rage sauro. To irin wannan ne amfanin lissafin, ya nuna maka abin da ido bai kama ba. Mu nan da kowane gida ke da jarkoki da durom saboda famfo ba ya zuwa, wa ya taɓa aunawa?

MalamLissafi:
Zarah ta kawo misali mai kyau, amma ƙaramar ƙasa tana da nata ciwon kan a wajen lissafi, kuma shi zai ci Ɗan_Mabera. Shekara 10 mako-mako layi 520 ne kacal. Ko ka ninka da ƙananan hukumomi 23 bai kai 12,000 ba, kuma mafi yawansu sifili ne ko ɗaya ko biyu. A cikin shekara 10 ɗin babbar annoba nawa aka yi? Wataƙila ɗaya ko biyu. Kana so na'ura ta koyi kamannin abu daga ganinsa sau biyu. In ka ɗauko manyan manhajojin nan masu zurfi da ake yayi, haddace lambobin za su yi kamar ɗalibin da ya haddace tambayoyin bara, a gwada shi da su ya cinye duka, a sauya tambaya ɗaya ya zauna yana cizon biro. Kuma dan Allah kada ka zo mana da cewa ta yi daidai kashi 95 cikin 100. Misali, in a mako 100 sau 5 kawai ake annoba, manhajar da kullum amsarta ita ce lafiya lau ta ci 95, alhali ba ta taɓa hango ko ɗaya ba. Wajen gwaji kuma kada ka cakuɗa shekarun. Koya mata da na farko, ka ɓoye na ƙarshe, ka ce ta faɗa. Su kansu 'yan Singafo ba wata dodon manhaja suka yi amfani da ita ba, lissafi ne mai tace abubuwan da ke da tasiri ya zubar da sauran.

Ɗan_Mabera:
Malam kamar ka leƙa takardata, kashi 95 ɗin nan na riga na rubuta shi a matsayin buri 😅

Bazamfare:
Google da kanta ta sha ƙasa a wannan harkar balle kai. Sun fito da Google Flu Trends a 2008, suna ƙirga abin da mutane ke bincikawa a intanet su ce ga yawan masu mura a Amurka. Da sabuwar murar 2009 ta zo ba ta gan ta da kyau ba, a farkon 2013 kuma ta faɗi kusan ninki biyu na abin da asibitoci suka gani, saboda labarai sun tsorata mutane kowa na ta bincike ko lafiyarsa ƙalau. 2015 suka daina wallafawa.

Injiniya_Gawon_Nama:
Amma a yi adalci, akwai inda ya yi aiki. Wani kamfanin Kanada, BlueDot, ya ankarar da abokan hulɗarsa kan baƙon ciwon huhu, wanda daga baya aka sani da korona, a birnin Wuhan na ƙasar Sin tun 31 ga Disamba 2019. A Yaman kuma a 2018 an haɗa hasashen ruwan sama na hukumar yanayin Birtaniya da bayanan NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, aka riƙa nuna wa UNICEF inda kwalara ta fi barazana, su kai sabulu da maganin tsaftace ruwa kafin ruwan ya sauka. Yaman fa, ana tsakar yaƙi. Kada mu ce don ba mu kai Singafo ba sai mu naɗe hannu.

Sista_Arkilla:
Injiniya ba a ce a naɗe hannu ba. Ni dai ina tuna 2021 ne, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan ta kashe fiye da 3,000, mu ma nan ta taɓa mu sosai. A watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga. To jami'in da ke tura rahoto ta waya ya zai yi? Ga wuraren gabas da ma'aikata suka bar asibitin saboda tsaro. Inda ciwon ya fi tsanani nan ne lambobin suka fi ƙaranci. Na'ura in ta karanta sai ta ce can ne aka fi lafiya.

Mai_Kemis:
Kuma ku ƙara da mu. Ni na san kafin mutum ɗaya ya je asibiti da gudawa, da yawa sun zo wurina sun sayi gishirin haɗi da flajil sun koma gida. In kwalin gishirin da ke yi min wata ya ƙare cikin kwana huɗu, na san akwai magana a unguwa tun kafin kowa ya ji a rediyo. Ba wanda ya taɓa tambayata.

Zarah_Kwalejin_Lafiya:
Ka ga wannan shi ne bayanin da ya fi na asibiti saurin zuwa. Ɗan_Mabera rubuta.

Hajiyar_Runjin_Sambo:
Ni dai a gyara mana ruwa da wuta, rabin ciwon nan zai tafi. Zafin Afrilu ba wuta, yara a cunkushe, ga sauro in an fita waje. Jiya ma kwana muka yi muna fifita.

Ɗan_Illela:
Hajiya ku da ke birni ke nan. 😂

Admin:
Jama'a a dawo kan tambayar yaron, batun wuta yana da nasa zauren.

Likitan_Yara:
To bari in dawo da mu. In ni ne kai ƙanena, ba zan fara da sanƙarau ba, dalilin da MalamLissafi ya faɗa, annobar ba ta da yawan da za a koya daga gare ta. Maleriya ta fi ba ka abin aiki. Duk wata akwai lambobi masu yawa, ana gwaji da ɗan tsinken nan a ko'ina, ana shigar da su DHIS2, manhajar Jami'ar Oslo da ma'aikatar lafiya ke tara rahoton wata-wata a ciki, kuma alaƙarta da ruwan sama a bayyane take, ruwa ya sauka, bayan 'yan makonni gadaje su cika. Botsuwana, ita ma ƙasa mai mutane kaɗan, tun shekarun 2000 aka nuna cewa hasashen damina na iya nuna shekarar da maleriya za ta yi yawa watanni kafin lokacin. Kuma akwai abin da za a yi da amsar: maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina, da yawan maganin da za a aje a kowane asibiti, da jinin da za a tanada don yaran da ke zuwa jininsu ya ƙare. In ka ce min Satumban bana zai fi na bara nauyi a gefen fadamar Rima da Goronyo, na san abin da zan yi da maganar.

Tsohon_Dubagari:
Likita ban yarda da kai duka ba. Maleriya kowa ya san lokacinta da wurinta, nan kam hasashena ya isa. Wadda ka kashe mutane ba shiri ita ya kamata yaro ya bi, ko da wuya.

MalamLissafi:
Ni kuma ina tsakiya. Amma akwai wata hanya da ba a ambata ba, ƙyanda. An yi wani bincike a Nijar, aka wallafa a 2011, suka ɗauki hotunan dare na tauraron ɗan adam suna auna hasken Yamai da Maraɗi da Damagaram. Da rani hasken na ƙaruwa saboda 'yan cin rani sun shigo gari, ƙyanda kuma na tashi daidai lokacin, da damina a koma gona hasken ya ragu cutar ta lafa. Ba su jira ƙidaya ba, da haske suka auna cunkoso. Wannan ya shafi matsalar da ba wanda ya taɓo: ma'aunin da Likita ya kawo na 10 cikin 100,000 ne, to 100,000 ɗin wa ya ƙirga? Ƙidayar ƙarshe a Najeriya 2006 ce, lokacin jihar nan na da mutum miliyan 3.7. Duk abin da ake amfani da shi yanzu ƙiyasi ne, ga 'yan gudun hijira sun bar wasu garuruwan sun cika wasu.

Ɗan_Illela:
Yawwa. Kuma tunda Malam ya ambaci Yamai, can akwai ACMAD, cibiyar yanayi ta Afirka, suna fidda sanarwar haɗarin sanƙarau da rani bisa ƙura da danshi. NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ma tana yin irin ta. Kahin ka ƙera sabo ka duba nasu ka ga ko ya taɓa dacewa da abin da anka gani nan.

Uwar_Biyu:
Tambaya kuma. In na'urar ta ce za a yi annoba, aka yi shiri, sai ba a yi ba fa? Gobe wa zai ƙara yarda?

Injiniya_Gawon_Nama:
Hajiya wannan ya faru da Ebola. A Satumbar 2014 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce in ba a ɗau mataki ba masu cutar a Laberiya da Saliyo za su iya kai miliyan 1.4 zuwa Janairu. A ƙarshe duka annobar, har da Gini, wajen mutum 28,600 ta kama. Wasu suka ce lissafin ƙarya ne, wasu suka ce ai shi ya tsorata duniya ta kawo agaji, mutane kuma suka sauya yadda suke jinya da wankan gawa. Har yau ana wannan gardamar. In an ji gargaɗinka an yi aiki da shi, kai ne za ka fito kamar maƙaryaci.

Bazamfare:
Mu nan matsalar ba ta kai can ba, sai an karanta gargaɗin tukun. Takarda nawa ɗalibai suka rubuta suna can kan kanta ƙura ta rufe.

Ɗan_Mabera:
Na gode kowa da kowa, wlh na ƙaru fiye da zaman wata guda a laburare. Abin da nake tunani yanzu, in rage buri. In ɗauki ƙananan hukumomi kaɗan, in fara da duba makonni nawa ne rahoto ya zo da waɗanda bai zo ba, sannan in gwada lissafi mai sauƙi da na koyon na'ura in ga ko akwai wanda ya fi hasashen Baba, na mako 2 zuwa 4 kawai ba 12 ba. Cutar ce har yanzu ban yanke ba, zuciyata na kan sanƙarau, hankalina na kan maganar Likita. Zan kai wa malamina duka biyun.

Likitan_Yara:
Ko wacce ka ɗauka, ka nemi izini a rubuce daga kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka taɓa bayanan, kuma a cire sunayen marasa lafiya. Na manhajar SORMAS, wadda NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ke bin cututtukan annoba da ita, yana ɗauke da bayanin mutum ɗaya-ɗaya, ba za a miƙa maka shi a filas don ka yi sallama ba.

Tsohon_Dubagari:
In ka tashi gwada na'urarka da ni ka zaka gida bayan la'asar, in hwaɗa maka nawa hasashen ka rubuta ka aje, kada daga baya a ce na gyara.

Mai_Kemis:
Ni ma littafin cinikina na nan tun 2019 in zai yi amfani, sai dai rubutun yarona ne, sai ka yi haƙuri da shi.

Sista_Arkilla:
Ka je da takunkumi in za ka duba tsofaffin rijista, sito ne ba a cika buɗewa ba. Kuma ka tambayi wanda ya cika su in yana nan, akwai watannin da muka riƙa rubuta zazzaɓi kawai saboda tsinken gwaji ya ƙare.

Ɗan_Illela:
Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa. Yaran Ƙonni da ka kwanta asibitin Illela, cikin lissahin wa za ka sa su?